Ruwa Biyu

Kwana tara gawar Alfred ta yi a flat ɗinsa na unguwar Gorton, can ƙasar Turawa, kafin wari ya sanar da maƙwabta. Falalu, da bango ɗaya ya raba su, mako guda ya yi yana zargin bolar da council, hukumar gari, ta rage kwasa.

Yanzu ga shi tsaye bakin ƙofa da hankici a hanci. Ma'aikaciyar council ta ce in babu wanda ya karɓi gawar zuwa Alhamis, ƙonawa za a yi. Ƙasar kabari ta yi tsada.

Uban Alfred Bakatsine ne, ma'aikacin jirgin ruwa, shi ya sa masa suna Rabe. Uwarsa 'yar Peru ce, ita ma jinin Sifaniyawa da mutanen duwatsu. Hausar da ya gada ba ta cika cokali ba. Ya taɓa jin ana ce masa ruwa biyu, sai ya ɗauka al'adar tarbar baƙo ce: duk Bahaushen da ya leƙo, kofi biyu na ruwa yake dire masa. Falalu bai taɓa sha ba, kofunan ba sa ganin sabulu. Bai kuma taɓa gyara masa ba, don labarin na sa dariya a wajen suna.

Fasto Gamaliel ya ce bai taɓa ganin Alfred a coci ba. A masallaci aka ce bai taɓa tsayawa a sahu ba. Mutum mai ruwa biyu, kowa na cewa ba ruwansa.

"Malam Falalu, ka taɓa ganin ya yi salla?" in ji Liman Musbahu.

"Ban taɓa ba, Allah gafarta."

"To, me ka gani?"

Falalu ya lalubi shekara goma sha ɗaya ta maƙwabtaka, abin da ya samu bai fi ƙwayar gero ba. "Ba ya kai ruwa baki sai ya ce bismilla. Wai haka babansa ke yi."

Liman ya ce a nemo likkafani.

Su biyar suka binne shi ranar Laraba, har da direban motar gawa.

Washegari Falalu ya shiga flat ɗin Alfred kafin ya mayar wa council makullin da ta ara masa. Kofunan nan biyu na kan taga, ruwan ya ƙafe ya bar zobe. Ya naɗe hannun riga, ya buɗe famfo.