Gyaran Rumfar Duwatsu

"Ilimi ba ya zama da ƙazanta," in ji Darakta, kuma ya faɗe shi yadda ake faɗin abin da za a rataye a bango. Masu zuba jari za su zo duba rumfar duwatsu, ita kuwa rumfar ba ta yi masa kyan gani ba.

Matar da ma'aikata ke kira Uwar Duwatsu tana daji a lokacin. Ita ce masaniyar ƙasa ta wannan kamfani mai neman zinariya. Tun bara take jera sandunan dutsen da injin haƙa ke zarowa, kowanne a akwatinsa bisa zurfinsa, da ɗan katako mai lamba a tsakani. Tsohon koren dutse ne, ya girmi duk wani abu mai rai, kuma zinariyar ba ko'ina take a cikinsa ba. Tana maƙale ne a fararen jijiyoyin da suka ratsa inda dutsen ya taɓa tsagewa. Sanin zurfin kowace jijiya shi ne aikin gaba ɗaya.

Da ta dawo sai ta tarar da rumfa tana ƙyalli. An wanke duwatsun tas, an jera su bisa launi, korayen gefe guda, masu farar jijiya a gaba kusa da ƙofa.

"Ranka ya daɗe, ina katakaina?"

"Waɗannan 'yan guntayen? Ai masu shara sun kwashe. Malama, ke fa ba ki san yadda ake tarbar baƙi ba."

"To wannan jijiyar, daga wane rami ta fito?"

"Daga ƙasa mana! Daga sama za ta fito?"

Direbansa ya yi dariya, don aikinsa ne.

Baƙin suka zo, suka yaba tsafta. Ɗayansu ya ɗaga wani guntu, ya ga ɗigon rawaya, ya tambayi inda za a haƙa. Darakta ya juyo da fara'a. "Malama za ta gaya muku, fanninta ne."

Ba ta iya gaya musu ba, don lambobin sun tafi da shara. Suka tafi da kuɗinsu, Darakta ya yi jawabi a kan sakacin ƙwararru, aka soke hutun da ta nema don jinyar mahaifiyarta.

Yanzu tana durƙushe a rumfa, guntu a kowane hannu, tana gwada bakin karaya da bakin karaya ko za ta maido da jerin. Ba su dace ba. Ta ajiye ɗaya, ta ɗauki wani.