Alli a Layin Tallafi

"Idan kaya suka yi tsada, masana'antu suka rufe, aiki ya gagara, me ake kiran wannan?" Malama Zubaidatu ta tambaya tana ƙwanƙwasa allo da alli.

"Gidanmu ake kiransa, Malama," in ji Sebastian daga kujerar baya. Aji ya kwashe da dariya.

Ita ba ta yi ba. Ta daɗe tana koyar da tattalin arziki a wannan sakandare ta Samaru, amma bana ne kaɗai ba ta buƙatar misali daga littafi. Rabin kujerun babu kowa, waɗanda suka zo ɗin ma hamma suke yi tun da hantsi.

Ta shiga batun tallafi, yadda gwamnati ke raba hatsi don rage raɗaɗi. Naila, wata shiru-shiru da ke kujerar gaba, ta ɗaga hannu.

"Malama, su wa ya kamata a ba?"

"Marayu, tsofaffi, matan da mazansu suka rasu. Mai albashin da ya shiga wannan layin, abincin maraya ya ci."

Da ƙarfi ta faɗa, har da jan layi a allo. Bakin malami ke nan, ba ya shawara da cikinsa. A gidanta na Palladan garin masara ya ƙare tun jiya. Mijinta Umaru yana zaune tun da aka rufe gidan burodin da yake aiki, albashinta kuwa ba ya ganin tsakiyar wata. Autanta da kukan yunwa ya yi barci. A jakarta, ƙarƙashin littattafai, akwai niƙabin da ta aro wurin maƙwabciya.

Ana tashi ta hau bas zuwa Sabon Gari, inda ta ji ana rabon shinkafa a filin wata firamare. Can babu wanda ya san ta. Ta raɓe a bayan wani shago ta ɗaura niƙabin, ta shiga layin mata, kunya kamar ta kashe ta.

Layin yana jan ciki, rana tana dukan kai. Sai da suka kusa teburin rabo, yarinyar da ke gabanta ta waiwayo. Ba fuska ta kalla ba, hannu ta kalla. Farin alli ne a tsakanin yatsun Zubaidatu da bakin hannun rigarta. Naila ce. Bara mahaifinta ya rasu, Zubaidatu da kanta ta jagoranci 'yan aji zuwa ta'aziyya.

Yarinyar ta rusuna. "Sannu, Malama." Ta ja da baya. "Ki shigo gaba."

"A'a, tsaya a wurinki," Zubaidatu ta raɗa mata.

"Haba Malama, ina ni ina tsayawa a gabanki?"

Matan da ke baya suka fara leƙe. Idan aka sake kiran "Malama" sau ɗaya, masu rabo za su ji, kuma tun a bakin ƙofa sun ce ban da ma'aikata. Don ta rufe bakin yarinyar kawai, ta matsa gaba.

Mai rabo ya kankare gindin buhu, ya juye wa Zubaidatu a leda. Sai ya ɗaga buhun ya kakkaɓe shi a gaban kowa.

"Ya ƙare! Sai an sake kawowa."

Filin ya rikice da ihu da Allah ya isa. Zubaidatu ta juya. Naila tana ninke buhunta a hankali, babu ko ƙwaya a ciki. Ledar da ke hannun Zubaidatu ba ta da wani nauyi. Ta san abin da ya kamata ta yi, ita ce ma ta koyar da shi da safe. Ta tuna autanta, ta ƙara damƙe ledar.

Naila ta miƙo hannu biyu. "Malama, kawo in riƙe miki zuwa tasha."

Haka suka tafi, malama a gaba, ɗaliba a baya da kaya, kamar kullum idan an tashi daga aji. Da bas ɗin Palladan ya tsaya, Naila ta rusuna ta miƙa mata ledar.

Zubaidatu ta karɓa.