Ƙanƙara Kawai

"Kai ka kashe shi, Zayyad. Da bakin nan naka ka kashe shi."

Tun daga ƙofar zaure Huseina ta faɗa, ko sallama ba ta yi ba. Daga Gubuchi ta hau acaɓa har Ikara, gidan ƙaninta Malam Sama'ila, da jin cewa ɗansa ya sauka daga Norway. Mazan da suka zo barka da sauka duk suka sunkuyar da kai.

Tare suka tafi karatun noma, Zayyad da ɗanta na fari, Ja'afaru. Ga Zayyad nan zaune da jaka biyu, ɗaya ba mai ita.

"Yaya, ki zauna ki sha ruwa tukuna," in ji Sama'ila.

"Ruwa? Ni za ka yi wa zancen ruwa yau?"

Kowa a dangi ya san Ja'afaru. Ko kasuwar Makarfi zai je sai ya durƙusa ya nemi izininta, in ta ce a'a ya cire takalmi ya zauna. Zuwa Turai bai canza shi ba. Da aka ba su hutu ya kira ta a waya yana ta kame-kame, sai Zayyad ya karɓe wayar ya ce, "Gwaggo, ƙanƙara kawai za mu je gani."

Dariya ta yi ranar. Ita ƙanƙarar da ta sani ita ce mai saukowa da ruwan fari ta yayyaga ganyen masara, sai kuma wadda ake jefawa cikin zoɓo. Ta ce, "Ku je, Allah ya tsare. Ku tsinto min a kwano."

Zayyad ya sauko daga kujera ya durƙusa gabanta. Ya ce jirgin ruwa suka shiga, ya ratsa da su tsakanin duwatsu masu tsayin da sai hula ta faɗi kafin a ga kansu, ruwan baƙi ƙirin don zurfi. Daga nan suka taka da ƙafa har gindin ƙanƙarar. Tsauni ce guda, shuɗiya, ta fi garin Ikara faɗi, wani kogi na fitowa daga ƙarƙashinta da ruri.

"Cewa yake bai taɓa ganin ikon Allah irin wannan ba, Gwaggo. Lokacin azahar ya yi, ya tsuguna bakin kogin zai yi alwala, dutsen da ya taka ya zame da shi. An nema, wallahi an nema."

"Ƙaddara ce, Yaya," in ji Sama'ila. "Liman ya ce a yi masa salla ko babu gawa."

"Kada ka koya min ƙaddara. Ubansa ma ya mutu, amma yana nan kwance bayan gari, na san inda yake." Ta juya kan Zayyad. "Da ka ce min tsauni ne da kogi, da na ce a'a. Kuma da ya zauna. Ka sani sarai, shi ya sa ka karɓe wayar."

"Gwaggo, abin ba shi da wani suna da Hausa sai ƙanƙara."

"Kogin fa? Shi ma ba shi da suna da Hausa?"



Huseina ta jawo jakar ɗanta ta rungume. Tun da ta haifi yaron ba ta taɓa kama sunansa ba, don kunyar ɗan fari. Yau ta kama shi gaban maza.

"Ja'afaru bai saɓa min ba. Ni aka sa na sallame shi da bakina, har da dariya. Sama'ila, ba wanda zai tayar da sallar nan sai ka kawo ɗanka Gubuchi. Ya tsaya gaban liman da jama'a ya maimaita abin da ya faɗa min a waya, sannan ya gaya musu dalilin da ya sa ya ɓoye min kogin."