Fulogi a Bakin Zanen Rosemary

Yamusa mutum ne da ko kunu ba ya bari ya huce. Shi ya sa ranar da injin ban-ruwansa ya fara kwaramniya, ga dashen tumatir bai gama kama ƙasa ba a lambunsa na Orozo, ya ɗauko shi a babur ya dire a gaban Hafizu bakanike tun kafin ya gaishe shi.

Hafizu ya buɗe injin, ya taɓa boris, zoben ƙarfen da sandar injin ke juyawa a ciki, da yatsa. Boris ɗin na rawa a gidansa. Jikin injin alminiyam ne, mai taushi, ya cinye.

"Sa masa gwangwani," in ji Yamusa. "Yadda muna yi kullum."

Haka aka saba. A yanko ƙyallen gwangwanin madara a cusa, inji ya yi shiru kwana biyu, ramin kuwa ya ƙara faɗi.

"Baba, in aka ƙara cusa masa gwangwani, jikin ne zai tafi gaba ɗaya."

Ya wanke wurin tas har babu ɗigon mai, ya shafa wani koren gam a gefen boris ɗin, ya danna shi ya zauna daram.

"Kada a tayar sai gobe war haka. Sai ya kama."

"Gobe? Rana nan zai kashe mini dashe!"

"Sauri kan haifi nawa, Baba."

Yamusa ya ce to. Amma Hafizu ya san wannan "to" ɗin. Da Rosemary, matar Yamusa, ta biyo daga kasuwa, sai ya kira ta gefe ya danƙa mata wani abu.

Yamusa na isa lambu kuwa ya hau jan igiyar injin. Ya ja, ya ja, har gumi ya jiƙa masa riga, injin ko tari bai yi ba. Da ya leƙa, babu fulogi. Rosemary na tsaye, bakin zaninta a ƙulle, ta miƙa masa bokiti.

Ya yi faɗa, ya gaji, ya karɓa. Suka yini tsakanin rafi da kunyoyin lambu, tsofaffi biyu. Kafin su kai layukan can ƙarshe, ƙafafunsu sun ƙi.

Washegari da lokaci ya yi ta kwance fulogin daga bakin zaninta. Ja ɗaya injin ya tashi, muryarsa sumul, ruwa ya cika tiyo. Yawancin dashen ya miƙe. Na layukan ƙarshe kuwa sun kwanta, sun bushe ƙayau, kuma abin ya yi wa Yamusa ciwo sosai.

Duk da haka ya ja tiyon har can, ya tsaya yana ba su ruwa. Rosemary ta buɗe baki za ta ce sun mutu, sai ta fasa, ta je ta riƙe masa tiyon.