Foldar Yaya

Karo na uku ke nan Auta tana shiga babbar kwamfutar ɗakin gwajin asibiti da sunan admin, wato mai kula da kwamfutar, kuma amsar ba ta canja ba: babu gida, ba a ga foldar admin ba. Kwamfutar sai ta ajiye ta a wani fili fayau, ba fayil ko ɗaya da ta sani.

Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne gaisuwar. Kullum in ta shiga, layi ɗaya ke fara fitowa a allo: "Auta, kin karya kuwa?" Yayanta ne ya rubuta shi lokacin da yake koya mata aikin, kafin ciwon ya kwantar da shi. Tun rasuwarsa bara da wannan layin take buɗe safiyarta. Yau babu shi.

Manaja ya leƙo, tabaransa a goshi yana nemansa a aljihu.

"Sakamakon gwaji bai tafi wa likitoci ba tun safe. Mutane sun cika benci. Me kika taɓa?"

"Wallahi ban taɓa komai na admin ba, yallaɓai."

"To aljanu ne?"

Ita ma da za a ce mata aljanu ne da ta fi samun natsuwa. Ta duba wayoyi, ta kashe ta kunna, har ta hure ƙurar bayan injin, abin da ita kanta ta san ba ya maganin komai. Jiya dai aiki ɗaya ta yi. Manaja ya ce a kwashe foldojin waɗanda ba sa aiki a nan kuma, ta kwashe su zuwa wani faifai na ajiya. Ta Yaya ce ta ƙarshe, sai da ta daɗe tana kallonta kafin ta danna. Amma ina ruwan foldar Yaya da admin?

Mai ɗibar jini ta shigo da safar hannu.

"'Yar uwa, wata tsohuwa tana ta tambayata ko jininta ne ya lalata injin. Me zan ce mata?"

"Ki ce ta ƙara haƙuri."

Ta buɗe fayil ɗin da ke nuna wa kowane mai shiga inda gidansa yake, wato foldar da ake sauke shi da kayan aikinsa. Ta karanta layin admin, ta sake karantawa, ta dafe kai. Ba gidan admin aka rubuta ba. Foldar Yaya ce.

Sai ga Yaya a idonta, ƙafa ɗaya kan kujera, yana cewa, "Wa zai tsaya kwafe-kwafe? Bari in juyo admin nan foldata, gobe na gyara." Yaya da gobe! Mabuɗan sirri na aika sakamako, 'yan umarnin da ya rubuta, har gaisuwar, duk a foldarsa suke, ita kuwa jiya ta kwashe da hannunta. Dariya ta zo mata tare da hawaye, ta rasa wanne za ta fara.

Hanya mai sauƙi ita ce ta dawo da foldar, ta bar layin yadda yake, komai ya koma kamar jiya. Ta so hakan ƙwarai. Amma duk wanda ya gaje ta zai faɗa wannan ramin, kuma shi ba zai san Yaya ba balle ya yafe masa.

Ta gyara layin. Ta jona faifan, ta kwafe mabuɗan da umarnin zuwa ainihin gidan admin. Ta bar tagar farko a buɗe a kan allo, yadda ya koya mata, ta gwada shiga ta wata. Ta shiga lafiya. Can waje firinta ta fara kuka, Manaja ya ɗaga murya, "Yauwa! Ashe abin ba wuya."

Allon dai tsit, ba gaisuwa.

Ɗan fayil ɗin gaisuwar na nan a faifai. Ta ɗauke shi, ta sa shi a tata foldar.

"Nan ya kamata ka sa tun farko, malalaci," ta ce a hankali.

Ta fita, ta shiga da sunanta. Layin ya fito.

"Ban karya ba, Yaya," ta ce. "Kai ka hana ni."