Leshi Biyu Zuwa Gwarinpa

Ina cikin wanke shinkafa wayata ta yi ƙara. Luba ce, wadda ɗakinta ke kallon namu a gidan hayarmu na Kubwa.

"Anti Hajjo, kada ki kashe," ta ce, murya can ƙasa. "Motar nan ta bar hanyar Gwarinpa."

Na ji muryar namiji yana cewa ta miƙo wayar. Sai layin ya yanke.

Luba ba ta da shago. Madam Angela ta kasuwar Wuse ke ba ta leshi da atamfa, ita kuma Luba ta ɗauki hotonsu ta ɗora a intanet. In an saya ta cire ladanta, wanda bai shiga ba ta mayar. A ranar, mai kai mata saƙo bai zo ba, ga wata a Gwarinpa ta matsa tana son leshi biyu kafin la'asar saboda biki. Shi ya sa ta fita da kanta, ta tari tasi a bakin titi.

Na yi ta kira, wayar a kashe. Na kira maigidana, ya baro ofis muka tafi wurin 'yan sanda. Suka tambaye ni lambar motar. Ban sani ba. Ko kalar hijabin da ta saka na kasa tunawa.

Dab da magariba aka kira mu daga asibiti. Masu gasa masara ne suka ga an turo ta daga mota tana gudu. Ɓarayin nan ne masu shigar fasinjoji. Na tarar an naɗe mata kai, fuskarta ta kumbura. Da ƙyar ta gane ni, ta riƙe yatsana.

"Ki gaya wa Madam ban sayar ba. Ƙwacewa suka yi."

Washegari da hantsi ta cika.

Da Madam Angela ta zo ta'aziyya na isar mata da saƙon, sai ta zauna a dakalinmu ta rufe fuska da gyale. "Wane kaya?" ta ce da 'yar Hausarta. "Yarinya na ne ya tafi."

Har yau in tasi ta rage gudu kusa da ni, sai na ja da baya.

Ranar sadakar uku yayanta ya zo daga Funtuwa kwashe kaya, na buɗe masa ɗakin. A bayan ƙofa akwai roba, da waken da ta jiƙa za ta yi alale. Ya kumbura har ya ɗaga murfin.