Muryar Ayuba a Akwati

A unguwar Hausawa ta Garwa, a shekarun da jirgin ƙasa ya fara isowa Ngawundere, akwai gidan da ake waƙa kullum bayan la'asar, kuma ba biki ake yi ba. Tsofaffi biyu ne kawai, Ayuba da matarsa Ummuhani, a gindin darbejiyar tsakar gidansu. Shi yana kishingiɗe a kujerarsa mai yadin buhu, yanar ido ta daɗe da rufe masa gani. Ita tana kan tabarma da ƙwaryar gyaɗa tana ɓara. Shi ke bayarwa, ita ke amsawa, shekara arba'in da 'yan kai ke nan.

A da Ayuba ɗan dako ne a bakin kogin Binuwai, lokacin da jiragen ruwa ke hawowa da damina su kwashi auduga da gyaɗa, su juya kafin kogi ya janye. Bai fi kowa ƙarfi ba, amma ya fi kowa murya, don haka shi ke ba lebura waƙa idan buhu ya yi nauyi. Da ƙarfi ya ƙare sai waƙar ta zama ta gida kaɗai. Yakan fara da cewa:

"Jirgi ya iso da ruwan marka,
buhu ya fi ni, ni na fi yunwa."

Ummuhani ta amsa ba tare da ta ɗago kai ba: "Ɗaga mu je, ruwa ba ya jira."

Daga nan kuma sai inda bakinsa ya kai shi. Yau ya tsokani tuwonta, gobe ya yabi wushiryarta wadda haƙoran gefenta suka zube tun tuni, jibi ya lissafo abokan dako da suka riga mu gidan gaskiya. Ba ya maimaita ta jiya. Akwai masu cewa tsoho irinsa carbi ya kamace shi, shi kuwa ya ce carbi na hannu ne, waƙa ta baki ce, bai ga inda suka yi faɗa ba.

Ana gobe ƙaramar Salla autansu Jafaru ya zo daga Ngawundere, inda yake aiki a tashar jirgin ƙasa. Ya zo da wani baƙin akwati mai mariƙi, ya ce sunansa manyeto, yana ɗaukar murya ya adana ta a kaset.

"Baba, yau sai na kama waƙar nan taku," in ji shi. "Inna, ki matso kusa."

"Me zan yi da akwati ina da maƙogwaro?" Ayuba ya ce, amma tuni ya gyara zama yana shafa gemu.

Ummuhani mace ce mai ido. Da kallo ta koyi ɗinkin hula, da kallo ta koyi soya ƙuli irin na matan Yagwa, kuma tana alfahari da cewa ba a taɓa nuna mata abu sau biyu ba. Ta zuba ido ta ga Jafaru ya zura kaset, ya rufe, ya sa yatsu biyu ya danne maɓallai biyu tare, ja ɗin da na kusa da shi. 'Yar jar wuta ta kama, ƙananan ƙafafu biyu suka fara juyawa a bayan gilashi. Ta ajiye wannan a ranta daram.

Ayuba ya ɗauki waƙa, muryar ta fito tas kamar ya yi mata wanka. Ya kai inda za a amsa, ya dakata. Ummuhani ta buɗe baki, sai ta ga ɗanta yana kallonta yana murmushi, ga akwati ya kasa kunne. Mace ta yi wa mijinta amshi a gaban ɗan da ta haifa? Ta miƙe ta karkaɗe zani ta ce miya za ta ƙone, ta shige madafi. Daga can tana jin sa yana ci gaba, yana kaiwa wurin amshi ya yi shiru daidai tsawon abin da za ta faɗa, sannan ya ɗora. Ta ɗauki taɓarya ta hau dakan daddawa da ƙarfi don kada ta ji. Ko da Jafaru ya mayar da kaset ɗin ya sa wa ubansa ya saurara, tana can tana daka, ba ta ga abin da ya danna ba.

Kunya ado ce, haka aka ce mana tun muna yara, kuma ban musa ba. Amma na ga gidajen da ta ci fiye da gobara.

Jafaru ya bar musu akwatin ya koma bakin aiki. Ummuhani ta naɗe shi a tsohon zani ta tura ƙarƙashin gado, bayan kwallayenta. Suka ci gaba da waƙarsu yadda suka saba, sai dai ba ta yi nisa ba. Ƙarshen damina zazzaɓi ya kama Ayuba, kwana uku, ran Talata da hantsi ya cika.

Ranar sadakar bakwai Jafaru ya durƙusa gabanta ya rage murya. "Inna, in sa miki muryar Baba?"

"Rufa mini asiri, ina takaba."

Ya zuba wa akwatin sabon batir, ya mayar da kaset ɗin farkonsa, ya naɗe ya tura inda yake. Bai ce ga yadda ake yi ba, ita ma ba ta tambaya ba. 'Ya'yan zamani ke nan, su kawo wa tsoho na'ura su ajiye kamar sun kawo goro.

Wata huɗu da kwana goma ba wasa ba ne. Ba kitso, ba turare, ba fita, balle waƙa. Watan farko ta yi shi da kuka, na biyu da shiru. A na uku ne tsoro ya shige ta. Wata rana tana ɓarar gyaɗa ta nemi muryar Ayuba a cikin kanta ta rasa. Fuskarsa tana nan, tarinsa na asuba yana nan, har yadda yake jan silifa. Amma muryar, wannan 'yar rawar da take yi idan ya ja "marka", ta neme ta sama da ƙasa, sai muryar kanta take ji tana kwaikwayo. Hankalinta ya tashi ƙwarai. Abu guda ya riƙe ta: akwatin yana nan ƙarƙashin gado, a naɗe, ba abin da zai same shi. Ta rinƙa ƙirga kwanaki da ƙwayar gyaɗa, kullum ta jefa ɗaya a gwangwani.

A ɗakin da ke kusa da zaure akwai 'yar haya, Véronique, mutuniyar duwatsun wajen Mokolo, mijinta mai gadi ne a wani kamfanin auduga. Ita ma ta manyanta, kuma duk tsawon takabar ita ke yi wa Ummuhani cefane. Ummuhani ta san sarai Véronique ta iya akwatin, don a cocinsu da irinsa suke ɗaukar waƙoƙin Lahadi. Kalma ɗaya ta isa. Amma ta ce mata me? Zo ki buɗe mini muryar mijina ki zauna ki kalli tsohuwa tana hawaye? Mutumin da ko sunansa ba ta taɓa kamawa a gaban mutane ba? Ai ita ma ta ga yadda Jafaru ya yi da idonta.

Washegarin fitarta daga takaba ta yi wanka, ta sa turare, ta ɗaura zanin da Ayuba yake so, shi da ba ya gani sai dai ya shafa ya ce na atamfa ne mai sulɓi. Ta jira har Véronique ta ɗauki kwando ta tafi kasuwa. Sannan ta jawo akwatin, ta kai shi gindin darbejiya, ta ɗora a kan kujerarsa. Ta yi bisimilla, ta sa yatsu biyu, ta danne ja ɗin da na kusa da shi.

Jar wuta ta kama. Ƙafafun suka fara juyawa. Daidai yadda ta gani.

Ta zauna a tabarma ta jira. Ba abin da ya fito. Ta ce a ranta wataƙila irin tsohuwar rediyon maƙwabta ce, sai ta yi zafi kafin ta yi magana. Kaza ta wuce da 'ya'yanta. Wani mai kananzir ya yi talla a waje ya wuce. Ta gyara murya.

"Malam?"

Shiru.

Ummuhani ba mahaukaciya ba ce, ta san akwati akwati ne. Amma wanda ya yi wata huɗu yana jiran murya ɗaya, ba ka tambayarsa hankali. Sai ta tuna ranar da ta bar shi yana dakatawa ba mai amsa masa. Ta ce to, yau ita za ta fara. Ta rera a hankali: "Ɗaga mu je, ruwa ba ya jira." Ta yi shiru daidai tsawon baitinsa. Ta sake rerawa. Ta sake barin masa wuri. Tun muryar na rawa har ta zauna, tun tana share hawaye har ta bari suna zuba a kan atamfar. Da ta gaji ta hau ba shi labari, cewa matar Jafaru ta sauka an sami mace, cewa darbejiyar tana son sassabe ba mai hawa. Ƙafafun nan suna ta juyawa, ita kuwa ganin suna juyawa ya sa ta haƙura, tana cewa yanzu zai fito.

A haka Véronique ta yi sallama ta shigo. Idonta ya sauka a kan jar wutar. Ta yar da kwandon, tumatir ya watse, ta ruga ta danne wani maɓalli, akwatin ya yi ƙas ya tsaya.

"Mon Dieu, wayyo Allah, Inna! Tun yaushe?"

"Tun fitarki. Ya ƙi magana. Ko batir ɗin ne?"

Véronique ta durƙusa ta duba kaset ɗin ta gilashi. Zaren duk ya koma gefe guda, saura ɗan kaɗan. Ta dafe kai.

"Inna, wannan ja ɗin ba na ji ba ne. Na ɗauka ne. In kin danna shi, sabon abu yana hawa kan tsoho, tsohon ya goge."

"Ya goge da me? Ni ban sa masa ruwa ba."

"Kamar allo ne, Inna. An wanke, an yi sabon rubutu."

"To a mayar da na da."

Véronique ta sunkuya kan akwatin. Ta mayar da zaren farko, ta danna maɓalli ɗaya tak. Sai ga kukan kaza. Ga mai kananzir. Ga wata tsohuwa ta gyara murya ta ce, "Malam?" Ummuhani ba ta taɓa jin muryar kanta daga waje ba, sai da aka ɗan jima ta gane ita ce. Suka zauna suna jin tsohuwar tana amshi, tana shiru, tana amshi. Véronique ta kai hannu za ta kashe, Ummuhani ta riƙe mata wuyan hannu da ƙarfin da ba a zaci tana da shi ba.

"Bari. Wataƙila yana gaba."

"Inna, ki yi haƙuri. Ai kin san waƙar. Shekara nawa kina ji? Ki rera da kanki, ni zan koyi amshin in riƙa yi miki."

Ummuhani ta gwada. Jirgi ya iso da ruwan marka, buhu ya fi ni, ni na fi yunwa. Daga nan ta tsaya. Abin da ke biye shi ke ƙirƙirarsa kullum, ita kuwa shekara arba'in kunnenta na jiran ƙarshen baiti ne kawai don ta shigo. Ta laluba ta samo rabin magana a kan tuwo, da sunan wani lebura, Ɗanjuma ko Ɗanlami, ba ta tabbata ba. 

Akwatin na ta yi. Aka zo labarin jaririya, aka zo sassaben darbejiya, aka ji sallamar Véronique da faɗuwar kwando da takun gudu. Ƙas.

Sai muryar namiji, tas, kusa, kamar yana kan kujerar:

"…ta ƙi amsa mini yau. Kashe abin nan, Jafaru, ya isa haka."

Zaren ya ƙare, maɓallin ya tashi da kansa.

 Véronique ce ta fara kuka, tana toshe baki da gefen mayafi. Ummuhani ba ta yi ba. Ta matso da gwiwa har gaban kujerar.

"Nuna mini."

"Inna, kada ki sake ji. Ba da nufi ya faɗa ba, ai wasa yake."

"Na ce ki nuna mini wanda ake dannawa. Ki nuna sau biyu."

Véronique ta kama yatsanta ta ɗora a kan na mayarwa, sannan a kan na ji, ta sake yi mata. Ummuhani ta ce ta gode, ta ce mata ta je ta tsince tumatirinta kada kaji su ɓata. Véronique ta tsince ta shige ɗaki, ta bar ƙofa a buɗe.

Ummuhani ta mayar kaɗan, ta danna. Ta mayar, ta danna. Aka kira azahar ba ta tashi ba, inuwa ta bar tabarmar ba ta ja ta ba. Can batir ya fara sanyi, muryar Ayuba ta yi nauyi tana jan kalmomi kamar ta mai jin barci, amma maganar ba ta sake ba, yana dai gaya wa ɗansa cewa ta ƙi.